Ramin Ƙarya Ƙurarre Ne: Nazarin Kashi na Huɗu na Wasan "The Enemy of the World" da Aka Tsinto a Jos

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan adabi da kafofin watsa labarai, Kachia, Jihar Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin kashi na huɗu na The Enemy of the World, wato Maƙiyin Duniya, ɗaya daga cikin labaran wasan talabijin na Doctor Who da gidan BBC ya shirya. An fara nuna kashin a Birtaniya ranar 13 ga Janairu, 1968. Daga baya ya ɓace daga ma'ajiyar BBC, sai a 2013 aka sanar da cewa an tsinto shi a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Maƙalar ta bi sawun ɓacewar faifan da dawowarsa, sannan ta dubi zubi da tsari da jigo da taurarin kashin. Abin da nazarin ya gano shi ne, labarin da ke cikin faifan da labarin faifan kansa magana ɗaya suke yi: mutumin da aka nuna wa gefe guda na al'amari, aka rufe masa sauran, zai yanke hukunci ne yadda mai nuna masa ya so. A ƙarshe an auna wannan darasi da halin da kudancin Kaduna ke ciki, musamman ta fuskar abinci da jita-jita da adana kayan tarihi.

1.0 Gabatarwa

Ba mamaki wani ya tambaya, me ya haɗa Kachia da wasan Turawa na baƙi da fari, wanda ya girmi yawancin waɗanda ke zaune a wannan zaure? Hanya ce ta haɗa su. Wanda ya tashi daga nan da safe, ya bi ta Zonkwa da Manchok, ya haura tsaunin Filato ta Vom, zai isa Jos ya dawo a yinin. A wannan gari na maƙwabtanmu ne gwangwanayen fim ɗin suka yi shekaru kusan arba'in a kan kanta, alhali masu sha'awar wasan a Ingila da Amurka da Ostareliya sun riga sun fid da rai da sake ganinsu. Da ba don wannan ɗakin ajiya ba, da babu wanda zai iya tsayawa ya yi sharhin wannan kashi, domin babu abin da zai kalla.

Saboda haka muna da haƙƙin tofa albarkacin bakinmu. Manufar maƙalar ita ce a kalli kashin da idon mai nazarin adabi, a yi amfani da ma'aunan da muka saba auna wasan kwaikwayon Hausa da su. An kalli kashi shida na labarin gaba ɗaya, amma an tsaya a kan na huɗu, domin a nan ne labarin ya juya, kuma shi ne kashin da ɓacewarsa ta fi yi wa fahimtar wasan illa.

2.0 Ƙagaggen Labarin Kimiyya da Wasan Doctor Who

Masanin adabi Darko Suvin, a littafinsa na 1979, ya nuna cewa ƙagaggen labarin kimiyya yakan dogara ne ga wani sabon abu guda wanda babu shi a duniyar mai karatu, amma hankali zai iya karɓar yiwuwarsa, kuma ta dalilinsa mai karatu ya dawo yana kallon duniyarsa kamar baƙo. Nan ne ya bambanta da tatsuniya. Idan Gizo ya hau sama ko aljani ya ɗauke gari, ba mai tambayar yadda aka yi. A labarin kimiyya kuwa dole a ce na'ura ce ko wani ilimi ne, ko da bayanin bai gamsar ba. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. A 1969, shekara guda bayan nuna kashin da muke magana a kai, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaron da aka yi tafiya da shi zuwa sararin samaniya.

Shi kuwa Doctor Who an fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Babban tauraronsa wani matafiyi ne da ake kira Dakta, mai yawo tsakanin zamunna da duniyoyi a cikin wani jirgi mai suna TARDIS, wanda daga waje kamar rumfar wayar 'yan sanda yake, ciki kuwa ya fi wajen girma nesa ba kusa ba. Patrick Troughton shi ne ɗan wasa na biyu da ya fito a matsayin Dakta, daga 1966 zuwa 1969. David Whitaker ne ya rubuta The Enemy of the World, Barry Letts ya ba da umarni, aka nuna shi kashi shida, kowane Asabar, daga 23 ga Disamba, 1967 zuwa 27 ga Janairu, 1968. A duk labaran zangon wasan da aka nuna shi a ciki, shi kaɗai ne babu dodo ko wata halitta daga wata duniya a cikinsa. Mugun ɗan Adam ne.

3.0 Ɓacewar Faifan da Dawowarsa

A shekarun 1960 kaset ɗin bidiyo na da tsada ƙwarai, don haka gidan BBC yakan goge wasan da aka riga aka nuna ya ɗauki wani a kai. Yarjejeniyar da ke tsakaninsa da ƙungiyar 'yan wasa ta taƙaita maimaita shiri, sannan da talabijin mai launi ta shigo sai aka ɗauka na baƙi da fari ya gama amfani. Haka aka yi ta gogewa da zubarwa har zuwa 1978, lokacin da aka tsayar da manufar adanawa. Abin da ya ceci wasu shirye-shiryen shi ne kasuwanci. Kafin a goge kaset, akan kwafe wasan a faifan fim mai faɗin milimita 16 a sayar wa tashoshin ƙasashen waje. Tasha takan nuna, ta tura wa ta gaba, ta ƙarshe kuma ta mayar Landan ko ta lalata.

Najeriya na cikin masu saye. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta zo Kaduna a 1962, Jos ta samu tata a tsakiyar shekarun 1970 a zamanin jihar Binuwai da Filato, kafin a haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA a 1977. Tun a tsakiyar shekarun 1980 an mayar wa BBC wasu labaran Doctor Who daga Najeriya, cikinsu har da The Time Meddler da The War Machines. Amma babbar tsintuwar ita ce wadda aka sanar a watan Oktoba na 2013. Wani Bature mai farautar tsofaffin fina-finai, Philip Morris, ya gano gwangwanayen a Jos, ya kuma bayyana yadda ya share ƙurar da ta rufe takardar da ke manne a jikinsu ya ga sunan wasan. An samu kashi tara da a da ake lissafa su cikin ɓatattu: biyar na The Enemy of the World, huɗu na The Web of Fear. Adadin ɓatattun kashin wasan ya sauko daga 106 zuwa 97 a lokacin.

Irin wannan faifai ba ya shiri da zafi da laima. Idan ya fara lalacewa yakan yi warin tsami, ya motse, ya manne da juna. Jos kuwa tana bisa tudun da ya haura mita 1,200, sanyinta sananne ne, kuma da wuya a ce bai taimaka ba.

Ga inda abin ya shafi nazari. Kafin 2013, kashi na uku kaɗai ya tsira a cikin shida. Shi ne mafi sanyin jiki a cikinsu: yawancinsa hira ce a kicin da wani lungun gini inda aka tsare fursuna a kan kujera. Da wannan kashi guda aka yi shekaru ana yi wa labarin hukuncin cewa ba shi da armashi. Sautin sauran ya tsira, domin wasu masu kallo sun naɗi muryoyin daga akwatinsu a gida, akwai kuma hotunan da wani mai ɗaukar hoto, John Cura, ya riƙa ɗauka daga fuskar talabijin. Amma kashi na huɗu ko waɗannan hotunan ba shi da su. Murya ce kawai. Da faifan Jos ya fito, sai ra'ayi ya sauya, har labarin ya yi tsalle zuwa sama a ƙuri'ar masu karanta mujallar Doctor Who Magazine ta 2014 idan aka kwatanta da ta 2009. Gani ya kori ji.

4.0 Labarin a Taƙaice

Dakta da abokan tafiyarsa biyu, Jamie da Victoria, sun sauka a bakin teku a Ostareliya a shekarar 2018, wato shekara hamsin gaba da lokacin da aka shirya wasan. Nan da nan wasu suka buɗe masa wuta, domin kamarsa ɗaya da wani mutum mai suna Salamander, ɗan asalin Meziko. Wannan Salamander ya ƙirƙiro hanyar tara hasken rana daga sararin samaniya a karkata shi ga gonaki, amfanin gona ya ninka, duniya ta ɗauke shi mai ceto. Yana kuma faɗin inda bala'i zai auku, sai ya auku, kamar yadda dutse ya yi aman wuta a Hangari. Duk shugaban yankin da ya ƙi shi sai a rasa shi, a ɗora yaronsa. Wani tsohon jami'i, Giles Kent, da mataimakiyarsa Astrid, suna so Dakta ya yi shigar Salamander don a tona asirinsa. Dakta ya ce sai ya ga hujja.

5.0 Nazarin Kashi na Huɗu

5.1 Zubi da Tsari

Kashin bai wuce minti ashirin da biyar ba, kuma ya rabu gida biyu. Rabin farko ci gaba ne na labarin leƙen asiri da aka saba da shi tun kashi na ɗaya. Fariah, mai ɗanɗana wa Salamander abinci don tsoron guba, ta gudo da wasu takardun sirri zuwa ofishin Kent. Dakarun Benik, na hannun daman Salamander, suka kewaye ginin. Sauran suka sulale, ita aka harbe ta, takardun suka koma hannun Benik. Mai kallo zai ɗauka haka za a ci gaba da farauta da ɓuya har ƙarshe.

Sai rabi na biyu ya zo da abin da ba a shirya masa ba. Salamander ya shiga ɗakin adana bayanai na cibiyar bincikensa da ke Kanowa, ya ba da umarni kada kowa ya dame shi, ya kulle ƙofa. Ya buɗe wata ɓoyayyiyar ƙofa, ya shiga wani ɗan akwati da bai wuce tsawon mutum ba, akwatin ya zarce da shi can ƙarƙashin ƙasa. Duk wannan fitowar kusan babu magana a cikinta. Wanda ya saurari sautin kawai a tsawon shekarun nan, ƙugin inji ya riƙa ji, bai san cewa a nan ne labarin ya kife ba. A ƙasa kuwa akwai jama'a, maza da mata, da suka yi kusan shekara biyar a rufe. An gaya musu yaƙin nukiliya ya cinye duniya, iskar waje guba ce. Salamander ya iso musu a galabaice, cikin tufafin kariya, ya tsaya a na'urar da wai ke wanke gubar daga jikinsa, ya ce ya samo musu abinci da ƙyar.

Hikimar tsarin ita ce, marubucin bai sa wani tauraro ya gano wannan asiri ya ba mu labari ba. Mu aka saukar tare da mugun. Daga wannan lokaci mai kallo ya fi Dakta sani, ya fi mutanen sama sani, ya fi na ƙasa sani, kuma babu wanda zai iya gaya wa. Jamie da Victoria ma ba su fito a kashin ba ko sau ɗaya, Dakta kansa kaɗan ya bayyana. An share fage ne don Salamander.

5.2 Jigo

Babban jigon kashin shi ne mulki ta hanyar riƙe labari. Salamander bai fi kowa ƙarfin makami ba. Abin da yake da shi shi ne tsayuwa a ƙofa ɗaya tilo da ta haɗa duniya biyu. Mutanen ƙasa su ne ke sarrafa na'urorin da ke haddasa girgizar ƙasa da aman wuta, a zatonsu suna yaƙar azzaluman da suka tayar da yaƙin ne. Mutanen sama kuma suna ganin bala'i na sauka yadda Salamander ya faɗa, imaninsu da shi yana ƙaruwa. Kowane ɓangare yana cutuwa ta dalilin ɗayan, kowanne kuma yana gode wa mutumin da ya haɗa cutar. Abin tsoron shi ne mutanen ƙasan ba miyagu ba ne. Shugabansu, Swann, dattijo ne mai amana. Da kyakkyawar niyya suke hallaka bayin Allah.

Ƙaramin jigo shi ne abinci. A sama Salamander ne mai ciyar da duniya, a ƙasa shi ne mai shigo da kwalayen abinci. Hausawa sun ce idan baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Wa zai tsare mutumin da ya sayar da ransa ya kawo masa tuwo da tambayoyi? Akwai fitowar da ta nuna wannan ƙarara: bayan ya gama yi musu jawabin haƙuri da juriya, sai ya shige ɗakin sarrafa na'urori shi kaɗai, ya miƙe ƙafa yana hutawa, gajiyar nan duk ta bi iska. Ba a manta ba cewa an rubuta wasan ne shekara biyar bayan rikicin makamai masu linzami na Kuba na 1962, lokacin da tsoron yaƙin nukiliya ke cikin kowane gida a Turai, kuma a daidai lokacin da sabon irin alkamar da Norman Borlaug ya inganta a Meziko ke sauya noma a Indiya da Pakistan. Tsoron mutanen zamanin da fatansu ne aka haɗa a jikin mutum ɗaya.

Masu nazari za su tuna misalin kogo na Aflatun, inda ɗaurarru ke ɗaukar inuwa a matsayin gaskiya. Amma akwai misalin da ya fi kusa da mu, Musulmi da Kirista baki ɗaya, wato ƙissar samarin da suka yi barci a kogo, waɗanda Musulmi suka sani da As'habul Kahfi, Kiristocin Gabas kuma da masu barcin Afisa. Tsohon kuɗin da ɗayansu ya kai kasuwa ne ya nuna cewa zamani ya shuɗe. A wasanmu ma ƙaramin abu ne ya fasa ƙwai. A kashi na biyar Swann ya tsinci guntun jarida manne a jikin kwalin abinci, mai ɗauke da labarin nutsewar jirgin ruwan masu yawon shaƙatawa. Duniyar da aka ce ta ƙone, ashe har ana zuwa hutu a cikinta. Bambancin shi ne, samarin ƙissa sun shiga kogo ne don tsira da imaninsu, waɗannan kuwa ɗan'uwansu mutum ne ya rufe su don ya yi amfani da su.

5.3 Taurari

An saba yabon Troughton da cewa ya fito a mutum biyu a wannan labari. Kashi na huɗu ya nuna uku ne: Dakta, da Salamander na sama mai taƙama da murmushin mugunta, da Salamander na ƙasa mai sunkuyar da kafaɗa da sanyin murya. Wannan sauyi a jiki yake, kunne ba ya kama shi duka, shi ya sa sai da hoton ya dawo aka san iyakar gwanintar ɗan wasan.

Halin Dakta shi ne amsar da wasan ya bayar ga jigonsa. Kent ya matsa masa ya shiga wurin Salamander ya kashe shi, ya ƙi. Tun farko bai yarda ya ɗauki maganar mutum ɗaya ya yanke wa wani hukunci ba, ko da maganar ta yi kama da gaskiya. A kashi na shida aka ga amfanin wannan taka-tsantsan, domin Kent ɗin da ke kiran kansa ɗan adawa, da shi aka rufe mutanen a ramin tun asali. Kujerar yake so, ba gyara ba.

Fariah, wadda Carmen Munroe 'yar asalin Guyana ta fito a matsayinta, ita ce tauraruwar da ta fi tsaya wa mai kallo a rai. Baƙar fata ce a wasan Birtaniya na 1968, kuma ba a yi ta don ado ko ban dariya ba. An tilasta mata bauta ta hanyar riƙe wani sirrinta, ta yi haƙuri har ta samu abin da za ta rama da shi. Tana kwance rai a hannun Allah, Benik na yi mata barazana, ta nuna masa cewa wanda ya riga ya kama hanyar lahira ba a tsorata shi da mutuwa. Sai kuma Colin, saurayin da ke cikin ramin, wanda ya ƙosa ya hau sama ya gani da idonsa, budurwarsa Mary tana ba shi baki. A cikin jama'ar nan duka, shi ne ake yi wa kallon mai rigima, alhali shi ne mai tambayar da ta dace.

5.4 Raunin Kashin

Kashin bai rasa aibi ba. Ba a yi wani bayanin kirki kan yadda 'yan mutane a rami za su motsa duwatsun wata nahiya ba, don haka a ma'aunin Suvin kimiyyar tana da rauni. An shafa wa Troughton abin da ya duhunta fatarsa, aka ba shi karin harshen baƙi, wato an jingina mugunta ga baƙon mutum, al'adar da ba ta da kyan gani a yau. Haka kuma baƙar fatar da aka gina da kyau ita aka kashe tun labari bai kai ƙarshe ba. Fitowar harbin nata ma a ƙuntataccen ɗakin shiri aka yi ta, ba ta yi kama da titi ba. Duk da haka waɗannan ba su rushe ginin ba.

6.0 Kashin a Idon Mutumin Kudancin Kaduna

Shekarar 2018 da wasan ya hango ta zo ta wuce, ba a ga na'urar da ke tara hasken rana don gonaki ba. Amma abubuwa uku a cikinsa ba baƙi ba ne a nan.

Na farko, abinci da iri. A daminar 2023 cutar da ta faɗa wa citta ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko. Asarar ba ta tsaya ga amfanin shekarar ba, har irin shuka ta tafi da shi, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Manomin da ya shiga wannan hali ba ya bukatar a fassara masa irin ikon da mai riƙe da iri yake da shi a kan wanda ba shi da shi.

Na biyu, labari mai ƙofa ɗaya. Rikicin da ya tashi a Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa, a hannun mutanen da ba su ga abin da ya faru ba, ji suka yi. A watan Oktoba na 2018, shekarar da wasan ya ambata, an yi na Kasuwan Magani, shi ma ya tsallaka cikin garin Kaduna. Ba manufar maƙalar ba ce ta raba laifi. Abin lura shi ne yadda mutumin kirki kan ɗauki makami bisa labarin da bai tantance ba, yana ganin kare kansa yake yi, kamar mutanen Swann. A yau wayar hannu ta buɗe ƙofofi dubu, amma wanda ba ya jin komai sai abin da ake turowa a zaurensu na WhatsApp, inda kowa ɗan unguwarsu ne ko ɗan addininsu, shi ma a rami yake, ko da yana tafe a tsakiyar kasuwar Kachia.

Na uku, adana abin da muka mallaka. Gumakan yumɓu na Nok, a ƙasar Jaba, masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928, Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940, kuma da yawansu sun sulale zuwa ƙasashen waje ta ɓarauniyar hanya. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Tambayar da ta dace mu yi wa kanmu ita ce, ina kaset ɗin Samanja na Usman Baba Pategi, da wasannin Ƙasimu Yero, da na Karkuzu a Jos? Idan ɗalibi ya tashi nazarinsu, kashi nawa zai samu ya kalla? In guda ɗaya ya samu, to zai yi musu irin hukuncin da aka yi wa The Enemy of the World da kashi na uku.

Don haka maƙalar na ba da shawara uku. Sassan nazarin Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'i da kwalejojin jihar nan su haɗa kai da gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Jos a ƙirga abin da ke ɗakunan ajiyarsu, a rubuta. A fara kwafe waɗanda suka soma warin tsami zuwa kwamfuta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Sannan a haɗa da shirye-shiryen da aka yi da harsunan yankin nan, irin su na Adara da Bajju da Atyap da Ham, domin su ne ba su da mai zuwa daga ƙetare ya neme su.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kashi na huɗu shi ne ƙashin bayan The Enemy of the World. A nan ne labarin leƙen asiri ya rikiɗe ya zama nazarin yadda ake mulkin jama'a da yunwa da tsoro da toshe labari, kuma fitowar da ta ɗauki wannan nauyi ta ido ce, ba ta kunne ba. Shi ya sa duk hukuncin da aka yi wa labarin kafin 2013 ya zama na wanda ya ga gefe guda. A cikin wasan, guntun jarida a jikin kwali ne ya ƙure ramin Salamander. A wajen wasan kuma, gwangwanayen da ma'aikatan wata tasha a Jos suka bari a kan kanta, ba su ƙona ba, ba su zubar ba, su ne suka gyara kuskuren masana. Irin waɗannan kantoci suna nan a Kaduna da Jos da Kano, kuma faifai ba ya jiran a gama taro kafin ya motse.